Grace Hopper: Malamar lissafin da ta yi suna wajen farautar kuskure a kwamfuta

Duk wanda ya fara koyon rubuta manhaja ya san wannan takaicin. Ka rubuta umarninka tsaf, ka kira wani aiki daga laburaren manhaja, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta don kowa ya ara, sai kawai shirin ya mutu, babu sallama babu bayani. To laifin wa ke nan? Naka ne, ko na wanda ya rubuta laburaren? Ɗaliban da ke koyon kwamfuta a Savelugu da Yendi da Salaga da Bawku suna cin karo da wannan tambaya, amma tambayar ta girmi iyayensu. Cikin mutanen farko da suka yi fama da ita akwai wata Ba'amurkiya mai suna Grace Hopper.

An haife ta a birnin New York ranar 9 ga Disamba, 1906. Ana ba da labarin cewa tana 'yar shekara bakwai ta kwance agogunan gidansu har guda bakwai don ta ga abin da ke sa su tafiya, sai da mahaifiyarta ta taƙaita mata guda ɗaya. Ta gama kwalejin Vassar a 1928 a fannin lissafi da kimiyyar fizis, ta samu digirin digirgir a lissafi daga jami'ar Yale a 1934. Tun 1931 take koyarwa a Vassar. Malamar aji ce kafin komai, kuma wannan ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, ta nemi shiga sojan ruwa. Shekarunta sun ja, nauyinta kuma bai kai ƙa'ida ba, amma ta nace har aka ɗauke ta a rundunar ko-ta-kwana a ƙarshen 1943. A 1944 aka tura ta jami'ar Harvard, ƙarƙashin Howard Aiken, ta yi aiki da na'urar Mark I. Wannan na'ura tsawonta ya kai ƙafa 51, tsayinta ƙafa 8, ana ba ta umarni ta hanyar doguwar takarda mai huda-huda. Lissafin yaƙi ake yi da ita dare da rana, don haka kuskure ɗaya na iya cinye awoyi masu tsada, ko ya fitar da amsar ƙarya da sojoji za su dogara da ita. Hopper ce ta ɗauki nauyin rubuta littafin yadda ake sarrafa na'urar, wanda ya fito a 1946 da shafuka sama da 500.

Labarin da ya fi yi mata suna ya faru ranar 9 ga Satumba, 1947. Na'urar Mark II ta cije, ma'aikata suka bi makunnan lantarkinta har suka iske wani ƙwaro mai fiffike, irin masu zagaya fitila da dare, ya maƙale a makunni na 70 a sashen F. Suka ciro shi, suka manna a littafin da suke rubuta duk abin da ya faru da na'urar, tare da lokacin: ƙarfe 3:45 na yamma. Littafin yana nan a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington. Ba ita ta ciro ƙwaron da hannunta ba, kuma injiniyoyi sun daɗe suna kiran matsalar inji da kalmar bug, wato ƙwaro, tun zamanin Thomas Edison. Ita dai ta yi ta ba da labarin har ya zagaya duniya. Abin lura a ciki shi ne tsarin aikin: a rubuta lokaci, a rubuta wuri, a bi sassa ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifi.

Amma yawancin ƙwarin ai ba masu fiffike ba ne, daga hannun mutane suke fitowa. A Harvard, idan wani ya rubuta umarnin da ke yin wani lissafi daidai, sai abokan aikinsa su kwafa daga littafinsa. Hopper ta lura cewa a wajen kwafar ake yin ɓarna. Harafin B na iya komawa 13, kuma dole mai kwafa ya sake lissafa mazaunin kowane umarni don ya dace da sabon shirinsa, nan ma a yi tuntuɓe. Ka ga aikin da aka aro lafiyarsa lau, a wajen haɗa shi da naka ne ya lalace.

Bayan ta koma kamfanin Eckert-Mauchly a 1949, inda ake ƙera kwamfutar UNIVAC, sai ta nemo magani. Ta tara waɗannan ƙananan ayyuka da aka gwada aka tabbatar, ta ajiye su a faifan maganaɗisu, ta ba kowanne lambar kira. Mai rubuta shiri zai ambaci lambar ne kawai, ita kwamfutar ta ɗauko, ta haɗa, ta gyara mazaunin da kanta. Sunan wannan manhaja A-0, ta kammala a 1952, kuma tana cikin kakannin yadda muke kiran laburare a yau. Da farko mutane sun ƙi taɓa ta, wai kwamfuta lissafi kaɗai ta iya. Hopper ba ta karaya ba. Ita da ma'aikatanta suka fito da FLOW-MATIC, harshen kwamfuta mai amfani da kalmomin Turanci, wanda ya zama babban tushen harshen COBOL da aka tsara a 1959. Har gobe akwai bankunan da ke aiki da COBOL.

Ta yi ritaya daga sojan ruwa a 1966, amma a 1967 aka sake kiran ta, aikin wata shida ya koma na shekaru. Matsalar ita ce shirin COBOL da ke tafiya a injin wani kamfani sai ya ƙi tafiya a na wani. Tawagarta ta rubuta jerin gwaje-gwaje da ake yi wa manhajar kowane kamfani don a ga ko ta bi ƙa'ida. Ma'ana, abin da ka aro ma sai an gwada shi, ba a ɗaukar sa da ka.

Wanda shirinsa ya mutu yau a daidai kiran laburare zai amfana da wannan tarbiyya. Ya sa shirin ya riƙa rubuta inda ya kai, don a san layin ƙarshe da ya taka. Ya rage shirin har ya zama 'yan layukan da ke kawo mutuwar. Ya duba abin da ya miƙa wa laburaren, ko irin wanda yake jira ne, sannan ya duba ko fitowar laburaren da ya saka ta dace da sauran kayan aikinsa. Sau da yawa a mahaɗar nan ƙwaron yake kwance.

Hopper ba ta daina koyarwa ba. Takan raba wa masu sauraro guntun waya mai tsawon kusan santimita 30, nisan da haske ke ci a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, don su ga da idonsu abin da ɓata lokaci ke nufi a kwamfuta. Ta bar aikin soja a Agustan 1986 tana da shekara 79, da muƙamin riya admiral. Ta mutu ranar 1 ga Janairu, 1992, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. Daga baya aka sa wa wani jirgin ruwan yaƙi sunanta, kuma a 2016 Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar yabo mafi girma da Amurka ke bai wa farar hula.