Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

Lokacin da aka aike ni gwajin koyarwa a wata makarantar sakandare, an ba ni darasin zane da sana'ar hannu. Ran nan na kawo yumɓu cikin aji don mu gina kasko, sai na ga yara suna ja da baya, wai ginin tukwane aikin tsofaffin ƙauye ne. Na zaro takardar naira ashirin na nuna musu bayanta, inda wata mace ke gina tukunya. Ba wanda ya san labarinta, ni ma kaɗan na sani. Kunyar wannan ce ta sa na nemi tarihinta, ga shi na kawo muku.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a Kwali, ƙasar Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Tun tana ƙarama ta koya a hannun wata daga cikin iyayenta mata. Ba su da inji. Mace za ta murza yumɓu kamar igiya, ta riƙa ɗora shi bisa juna tana gyara shi da hannu. Sa'an nan ta zana ado, ta shanya, a tara itace da ciyawa a gasa a fili. Ladi takan zana ƙadangare, kunama, kada, kifi da tsuntsaye a jikin randunanta.

Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin sarauta, ya tara tukwanenta a gidansa. Can ne wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su ya yi mamaki. Shi ne ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifan juyi, da shafa ruwan ƙyalli irin na tangaran, da gashi cikin tanderu mai tsananin zafi. Amma ba ta yar da na gida ba, manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su.

Akwai abin lura a nan. Randar gida tana sanyaya ruwa don tana tsattsafo ta ƙananan ƙofofin jikinta. Wadda aka shafa wa ƙyalli kuwa ba ta tsattsafo, ga nauyi, sai ta zama ta ado. Ashe kowace hanya da amfaninta.

An nuna aikinta a London a 1958 da 1959 da 1962, ta kuma je Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a. Ta sami lambar MBE a 1963. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a Minna a 1984.

To 'yan'uwa malaman gobe, abin da na ɗauka shi ne Ladi ta riga ta gwanance a gida kafin ta taka makaranta, makaranta ƙari ta yi mata. Kusan kowane gari da za a tura mu akwai maginiya, ko masaƙi, ko marini, ko mai sassaƙar ƙwarya, yawancinsu kuwa sun manyanta. In ba mu kawo su cikin aji ba, mu girmama su a gaban yara, sana'ar za ta bi su kabari.

Ni dai mako na biyu na roƙi wata tsohuwa maginiya ta zo, muka shimfiɗa mata tabarma a gindin bishiya. Kaskon da na gina ya fashe a wuta, na waɗansu yara uku kuwa ya fita lafiya.