Dakta Wagner da cutar da ake ɗauka tarin fuka ce

In kuna da mara lafiya da ya daɗe yana shan maganin tarin fuka amma ruwa bai daina taruwa a ƙirjinsa ba, labarin Dakta Christopher Wagner ya shafe ku.

An haife shi a Afirka ta Kudu a 1923. Aikinsa binciken tsokar marasa lafiya da gawarwaki don gano cuta. A 1956 ya duba gawar wani ma'aikacin mahaƙar zinare da ake zaton tarin fuka ne ajalinsa. Sai ya tarar da ciwon daji ya mamaye tantanin da ke lulluɓe huhu, ga kuma ɓurɓushin asbestos a cikin huhun. Wannan dajin shi ake kira mesoteliyoma.

A lokacin, Dakta Sleggs na asibitin tarin fuka da ke Kimberley ya lura cewa masu zuwa daga yankin da ake haƙar asbestos ba sa jin magani. Suka haɗa kai, a 1960 suka fitar da rahoton mutum 33, kuma 32 daga ciki sun shaƙi ƙurar asbestos. Wasu ko haƙar ba su taɓa yi ba, a kusa da mahaƙar kawai suka taso. Wagner ya koma Birtaniya a 1962, ya rasu a 2000.

Cutar takan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana. Don haka kafinta ko maginin da ya yanka silin ko rufin asbestos a Gwarzo ko Kabo yana saurayi, sai da furfura zai fara haki da ciwon ƙirji da rama. Gaskiya tarin fuka ya fi ta yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa ake fara gwada shi. Amma in magani ya ƙi ci, ku koma, ku faɗa wa likita duk sana'ar da mara lafiyan ya taɓa yi.

Hoton ƙirji kaɗai ba ya tabbatar da ita. Sai an yi sikanin, an zuƙi ruwan, an ɗebi ɗan nama an auna, wanda kan sa a tura ku babban asibiti irin na koyarwa na Aminu Kano. Da wuya a warke sarai, amma zuƙe ruwan, allurar daji da maganin ciwo suna sassauta numfashi, wani lokaci su ƙara kwanaki masu daɗi.