Dara Shikoh: Yariman da ya nemi tauhidi a littattafan Hindu

A shekarar 1657, wani yarima Musulmi ya tara malaman addinin Hindu na birnin Banaras a gidansa da ke Delhi, suka duƙufa wata shida suna juya tsofaffin littattafan Upanishad daga harshen Sanskirit zuwa Farisanci. Bayan shekara biyu aka yanke masa hukuncin kisa bisa zargin ridda, kuma cuɗanyarsa da ilimin Hindu na cikin hujjojin da aka kafa a kansa.

Wannan yarima shi ne Dara Shikoh, babban ɗan Sarki Shah Jahan na Daular Mugal ta Indiya, wanda ya gina Taj Mahal.

An haifi Dara a watan Maris na 1615 a Ajmer, garin da kabarin waliyyi Mu'inuddin Chishti yake. Mahaifiyarsa ita ce Mumtaz Mahal. Ya taso a matsayin ɗan lelen uba, shi ya sa sarki ya riƙe shi a fada, ya kuma tura ƙannensa Shuja da Aurangzeb da Murad su riƙe larduna su jagoranci rundunoni. Wannan gata ya ba shi sukunin karatu, amma ya hana shi gogewa a fagen fama.

Tun yana saurayi zuciyarsa ta karkata ga sufanci. Ya ziyarci Shehu Mian Mir a Lahore, daga bisani ya karɓi ɗariƙar Ƙadiriyya a hannun almajirin shehin, Mulla Shah Badakhshi, a Kashmir. Ita ce dai ɗariƙar Shehu Abdulƙadir Jilani da aka sani a Kano da Sakkwato. A 1640 ya kammala Safinatul Auliya, littafin tarihin waliyyai, ya biyo shi da Sakinatul Auliya a kan shehunansa.

Tambayar da ta mamaye tunaninsa ita ce dangantakar Mahalicci da halitta. Ya rungumi fahimtar Ibn Arabi da ake kira wahdatul wujud, wadda ke cewa samuwa ta haƙiƙa guda ɗaya ce, ta Allah, duk sauran abubuwa kuwa bayyanar sunayenSa ce da siffofinSa. Tun kafin zamaninsa malamai na jayayya a kan wannan fahimta, kuma Shehu Ahmad Sirhindi, wanda ya rasu a 1624, na cikin waɗanda suka yi mata gyara mai tsanani, don gudun kada a shafe iyakar da ke tsakanin bawa da Ubangiji.

A 1653, bayan ya kasa ƙwace birnin Kandahar daga hannun Farisawa, Dara ya yada zango a Lahore, inda ya yi zaman tattaunawa da wani mai gudun duniya na Hindu, Baba Lal. Bayan kimanin shekara biyu ya fitar da Majma'ul Bahraini, wato mahaɗar tekuna biyu, sunan da ya aro daga ƙissar Annabi Musa (AS) a Suratul Kahfi. A ciki ya jera kalmomin sufaye kafaɗa da kafaɗa da na malaman Hindu. Ya daidaita ruhi da atman, ya kuma fassara Brahma da Vishnu da Mahesh a matsayin Jibrilu da Mika'ilu da Israfilu. Ta haka ya mai da su bayi masu aiki da umarnin Ubangiji guda.

Daga nan ya nufi tushe. Upanishad su ne ɓangaren ƙarshe na littattafan Veda, kuma mafi daɗewa a cikinsu sun riga haihuwar Annabi Isa (AS) da ɗaruruwan shekaru. Jigonsu shi ne Brahman, haƙiƙar da komai ya samo asali daga gare ta, da atman, ainihin ran mutum. A ɗaya daga cikinsu, Chandogya, wani uba ya sa ɗansa ya jefa gishiri a ruwa ya bar shi ya kwana. Da gari ya waye yaron bai ga gishirin ba, amma duk inda ya ɗanɗana sai ya ji shi. Da wannan misali uban ya nuna masa cewa haƙiƙar tana ko'ina ko da ido bai gan ta ba.

Malaman Hindu su kansu ba su haɗu a kan ma'anar irin waɗannan nassoshi ba. Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, ya ce ran mutum da Brahman abu ɗaya ne, bambancin da ake gani jahilci ne ya haife shi. Ramanuja ya ce rayuka da duniya na da samuwa ta gaske, amma sun dogara da Ubangiji kamar yadda jiki ya dogara da rai. Madhva kuwa, a ƙarni na 13, ya ce bawa daban, Ubangiji daban, har abada. Fassarar Dara ta jingina da sharhin Shankara, wanda ya fi kusa da abin da yariman ya riga ya yi imani da shi.

Ya sa wa aikin suna Sirrul Akbar, kuma ya ƙunshi Upanishad kimanin 50. A gabatarwarsa ya bayyana su a matsayin taskar tauhidi, har ya kai ga cewa su ne ɓoyayyen littafin da aka ambata a Suratul Waƙi'a. Wannan ya saɓa wa jumhurun malaman tafsiri, waɗanda suka fassara ayar da Lauhul Mahfuz, kuma ya zame wa maƙiyansa makami.

A watan Satumba na 1657 Shah Jahan ya kwanta rashin lafiya, rigimar gadon sarauta ta ɓarke. A watan Mayu na 1658 Dara ya kara da Aurangzeb da Murad a Samugarh, kusa da Agra. Ana tsakiyar yaƙi ya sauko daga kan giwarsa ya hau doki. Da mayaƙansa suka hangi giwar ba kowa a kanta, suka zaci ya mutu, suka watse. François Bernier, likita Bafaranshe da ya zauna a Indiya a lokacin, ya bayyana Dara a matsayin mai karamci, amma mai ji da kansa da raina shawara, halin da ya nesanta shi da manyan fadawa.

Ya sake shan kashi a Deorai a 1659, ya gudu yamma, matarsa Nadira Banu ta rasu a hanya. Ya nemi mafaka wurin Malik Jiwan, wani basarake da ya taɓa ceto daga hukuncin kisa, amma mutumin ya miƙa shi ga Aurangzeb. Aka zagaya da shi titunan Delhi a kan wata ƙazamar giwa, talakawa na kuka. An kashe shi a ƙarshen watan Agusta na 1659 yana da shekara 44, aka binne shi a hubbaren Sarki Humayun.

Masana tarihi da dama na ganin siyasa ce ta kashe shi, domin Shuja da Murad, waɗanda ba a zarga da ridda ba, su ma ba su tsira ba. Sai dai zargin ne ya sauƙaƙa halatta jinin yarima mai jiran gado.

Littafinsa ya yi tafiyar da shi bai yi ba. Anquetil-Duperron, masani ɗan Faransa, ya juya Sirrul Akbar zuwa harshen Latin, aka buga a 1801 da 1802, kuma ta wannan fassara masanin falsafa na Jamus Schopenhauer ya san Upanishad. A 2017 hukumomin New Delhi suka sauya wa titin Dalhousie suna zuwa titin Dara Shikoh.

Har yau ana saɓani a kansa: wasu na ganin ya ƙetare iyakar aƙida, wasu na ganin ya tufatar da littattafan Hindu rigar sufaye, wasu kuma na tuna shi da cewa ya zauna ya karanta littafin maƙwabcinsa kafin ya yi magana a kansa.