R. C. Abraham (1890–1963) da kalmomi masu fuska ɗaya

Yaron da ya tashi a Birnin Ƙonni, ya yi karatun boko da Faransanci, yana ciniki da Hausa, kuma yana ƙetarawa Illela ta jihar Sakkwato inda allunan shaguna ke ɗauke da Ingilishi, ya daɗe da sanin wata matsala tun kafin malamin kimiyyar harshe ya raɗa mata suna a aji. A rubuta haruffa huɗu, *sale*. Bahaushe zai karanta sunan mutum, wato Salihu da aka taƙaita. Bafaranshe zai ga abu mai dauɗa, mai Ingilishi kuwa zai ɗauka kaya ake sayarwa. Haka *mari*: a Hausa tafi ne a kunci, ko ƙarfen da ake ɗaure ƙafa da shi, a Faransanci kuwa miji. Rubutu ɗaya, amma kowace kalma da ma'anarta da asalinta. Cikin masanan da suka yi wa Hausa hidima, da wuya a sami wanda ya yi ta karo da irin waɗannan kalmomi a harsuna masu yawa kamar Roy Clive Abraham.

An haife shi a birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya ranar 6 ga Disamba 1890, ya yi karatu a Ingila da Jamus. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke sai ya shiga soja, aiki ya kai shi ƙasar Larabawa da iyakar arewa maso yammacin Indiya. Bayan yaƙi ya shiga kwalejin Balliol ta Jami'ar Oxford, ya fita a 1924 da digiri mai daraja ta ɗaya a Larabci da Farisanci. Ya nemi a jarraba shi a tsohon harshen Habasha ma, aka rasa mai jarrabawar.

Harsunan da ke bakinsa a lokacin sun isa su koya wa mutum taka tsantsan. Kalmar *bad* a Ingilishi tana nufin mummuna, a Farisanci ma haka take nufi, kuma harsunan biyu dangi ne na nesa. Duk da haka masu bin tarihin harshe sun nuna kowace ta biyo tata hanyar, gamuwa kawai suka yi. A Jamusanci waɗannan haruffa uku wanka ne, a Somaliyanci kuwa, wanda Abraham zai koya daga baya, teku ne. Na Farisanci da Ingilishi ya fi haɗari, domin a nan har ma'anar ta zo ɗaya, kuma babu abin da zai hana mai gaggawa ya yanke hukuncin zumunta sai sanin tsoffin siffofin kalmomin.

A 1925 ya kama aikin mulki a lardunan Arewacin Najeriya, ya kuma zauna a cikinsa har 1944. Aikin mulkin mallaka ne, kuma gwamnati na son jami'anta su ji harsunan waɗanda suke mulka saboda haraji da shari'a. Sai dai abin da ya fito daga alƙalaminsa ya zarce bukatar ofis nesa ba kusa ba. An haɗa shi da G. P. Bargery, wanda ke tattara babban ƙamusun Hausa da Ingilishi, ƙamusun da ya fito a 1934. A wannan aiki ne ya fuskanci matsalar a cikin harshe guda, kafin ma a je ga kwatanta harsuna.

Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. (Ajami ya fi shi a abu na farko, tunda yana ja wa wasali alifi ko wawu ko ya.) Mai harshe ba ya jin ciwon wannan rashi sosai, domin jimla na yi masa jagora: babu wanda zai karanta cewa an tuƙa tuwo da garin Malbaza ya ɗauka birnin aka zuba a tukunya. Mai ƙamus ba shi da jimlar da zai jingina da ita. Kalma ce tsirara a gabansa, dole ya faɗi ko ɗaya ce ko biyu ko huɗu. *Gari* na mazauni gaɓarsa ta farko gajera ce mai karin ƙasa, *gari* na niƙa kuwa doguwa ce, ita ma mai karin ƙasa. *Wuya* ta wahala tana farawa ƙasa ta hau, *wuya* na jiki yana farawa sama ya sauko. *Kuka* na hawaye da *kuka* ta miya karin gaɓar ƙarshe kaɗai ya raba su. *Baba* kuwa huɗu ne: mahaifi, da gwaggo, da shukar da ake rini da ita, da baban gidan sarki. *Fari* na launi, da na rashin ruwan sama, da jam'in fara, da wanda budurwa ke yi da ido, duk haruffa huɗun nan suka samu.

Bargery ya ji karin sautin Hausa, amma ya ƙirga shi har mataki shida. Kuskure ne mai dalili. Muryar Bahaushe tana gangarowa kamar mai sauka daga matakala: karin sama da ya biyo bayan karin ƙasa ba ya komawa tsayin na farko, saboda haka wanda ke auna tsayin murya kawai zai yi ta samun sababbin matakai. A littafinsa *Principles of Hausa* na 1934, Abraham ya mai da su uku, wato na sama da na ƙasa da faɗau, kamar yadda ake ji a *kai* na jiki idan aka gwada shi da *kai* na wakilin suna. A kan wannan tsari ake koyarwa har yau. Ɗalibin da ke ɗora alamomin nan a jarrabawa yana ganin abu ne mai sauƙi, amma sauƙin ya samu ne bayan wani ya ware abin da ke canza ma'ana daga abin da ke bin numfashi kawai. Karin sauti ma bai kashe kowace wuta ba: *sa* na garke da *sa* na sanyawa duk faɗau ne, kunne ba ya raba su, sai jimla.

A shekarun nan dai ya fitar da nahawun Tibi a 1933, da na Idoma a 1935, da ƙamusun Tibi a 1940, dukansu harsuna masu karin sauti da ba su da dangantaka da Hausa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ya koyar da sojoji Hausa a 1941 da 1942, sannan aka tura shi Habasha inda ya koyar da harshen Amhara da Somaliyanci. Ya yi aiki a Kenya da Afirka ta Kudu da Faransa da Italiya, har da tawagar sojan Birtaniya a Mosko, ya kai muƙamin manjo.

Wanda ya bi sawunsa a taswira zai iya bin kalma ɗaya tare da shi. A Habasha *gari* keken doki ne. A Kenya, cikin Suwahili, *gari* mota ce, Somaliyanci ma yana da ƴar uwarta. Waɗannan ukun tushensu guda, kalmar Indiya ce mai nufin abin hawa, wadda ta ƙetaro teku ta shigo gabashin Afirka. Ba su haɗa komai da garin Bahaushe ba, na zama ko na tuwo. A Mosko *da* amsa ce ta amincewa, *baba* kuwa mace ce ko tsohuwa. Ita *baba* tata hanyar daban ce: tana nufin mahaifi a Yarbanci da Suwahili kamar a Hausa, amma wannan ba hujjar zumunta ba ce, domin leɓɓa biyu da buɗe baki su ne farkon abin da jariri ke iyawa a ko'ina, kowace al'umma kuma ta ba wanda ta ga dama sunan.

A 1946 ya nemi ya gaji Bargery a kujerar koyar da Hausa a makarantar nazarin harsunan Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, wato SOAS, bai samu ba. Mutumin da ya daidaita karin sautin harshen sai aka ba shi koyar da harshen Amhara a 1948, ya haɗa da Tigirinya. Shekara guda bayan haka, a 1949, ƙamusunsa na Hausa ya fito. Bugun farko yana ɗauke da suna biyu, nasa da na Malam Mai Kano. Bugu na biyu, na 1962, wanda shi ne ya fi yawa a ɗakunan karatu, sunan Abraham kaɗai ke kansa. Wannan abin takaici ne, musamman a aikin da ya dogara kacokan ga kunne da baki: kowace alama da aka ɗora kan wasali, wani Bahaushe ne ya furta kalmar, ya maimaita, ya gyara.

Ƙamus irin wannan yana tilasta wa mai shi ya tambayi asali, domin aro ya cika Hausa da baƙin da suka sa rigar ƴan gida. *Gada* ta daji Bahaushiya ce, *gada* ta ƙetare kogi kuwa daga kalmar Ingilishi *girder* take, wato ƙarfen da ake girkawa a ɗora ta. *Kwana* na barci daban da *kwana* ta hanya, wadda direbobi suka ɗauko daga *corner*. *Taya* ta mota ba ta san *taya* na ciniki ko na aiki ba. *Sule* na aljihu daga *shilling* yake, Sule na gida daga Sulaimanu.

Abraham ya gina ƙamusunsa kan Kananci, yana nuna wasu siffofin Sakkwato da Katsina, saboda haka mai karatu daga Adar zai ga giɓi. Wanda ke cewa *hwari* da *tahi* ba a gabansa aka yi aikin ba, kuma Faransanci ya haifar da nasa tagwayen a wannan gefen iyaka. *Mushe* dabba ce da ta mutu ba yanka, *mushe* kuma malamin lakwal ne, daga *monsieur*. Karin sauti da tsawon wasali ne kaɗai ke kare mutuncin malamin. *Dala* ta kasuwar Ƙonni, wadda ke nufin sefa 5, jikar wani tsohon kuɗin azurfa na Turai ce, dangin dalar Amurka, kuma babu ruwanta da dutsen Dala na Kano. Masanan da suka biyo baya, irin su Claude Gouffé da ya yi aiki kan Hausar Nijar, sun kuma nuna cewa Abraham ya yi tuntuɓe a tsawon wasalin ƙarshen kalma. Da ma'aunin da ya kafa aka gano kuskuren nasa.

Batun ya wuce nishaɗin jera kalmomi. Har yanzu ana samun mai tsaga sunan Hausa ya ce daga *hau* da *sa* ya fito, ko mai tattara kalmomi goma masu kama da juna ya ce ya gano Hausa ƴar wani harshe ce mai nisa. Harshe yana da sautuka kaɗan da kalmomi dubbai, don haka dole a sami gamon katar tsakanin kowane harsuna biyu. Zumunta ta gaskiya sau da yawa ba ta da kama a ido. *Mutu* da *mata* ta Larabci mai nufin ya rasu ana ɗaukarsu tsatso ɗaya, gadon babban gidan Afro-Asiya, alhali *mata* ta Hausa da waccan rubutun boko kawai ya haɗa su. *Suna* da *ism* na Larabci ma ana danganta su, ko da yake mai kallon haruffa ba zai zata ba. Abin da ke tabbatar da irin wannan shi ne sauye-sauyen sauti masu maimaituwa a kalmomi da yawa, tare da shaidar harsunan Cadi maƙwabta, kuma ba a iya wannan bincike sai da ƙamus da ya riga ya raba *suna* na mutum da *suna* na ana cikin aiki.

Abraham ya fitar da nahawun Somaliyanci a 1951, harshen da *inan* ke zama yaro ko yarinya gwargwadon gaɓar da murya ta hau. A shekarar ya yi ritaya. A 1952, yana da shekara 61, ya fara Yarbanci, inda *igba* ke iya zama ɗari biyu, ko lokaci, ko ƙwarya, ko gauta. Ƙamusunsa na Yarbanci ya fito a 1958 da karin sauti a kan kalmominsa. Ya rasu a Landan ranar 22 ga Yuni 1963 yana tsakiyar aiki kan harshen Ibo. Ƙamusunsa na Somaliyanci da Ingilishi ya fito a 1964, abin da ya bari na Ibo kuma aka buga shi a Ibadan a 1967. A 1992 Philip Jaggar ya shirya kundin maƙalu don tunawa da shi a SOAS, makarantar da ta hana shi kujerar Hausa, kuma a can takardunsa suke ajiye.