Bubu Hama da Gidan Tarihin Yamai

Yara, duk wanda ya je Yamai a cikinku ya ji labarin muze, wato gidan tarihi na ƙasa. Wasu suna ce masa gidan namun daji, don akwai zaki da kura da dorina a ciki. Amma dabbobin ba su ne ainihin dukiyar gidan ba. Dukiyarsa ita ce kayan kakanninmu da aka adana. Gidan yana ɗauke da sunan mutumin da ya yi ɗawainiyar kafa shi, Bubu Hama.

An haifi Bubu Hama a shekarar 1906 a ƙauyen Foneko, kusa da Tera, a yammacin ƙasarmu. A lokacin Faransa ke mulkin Nijar, kuma iyaye da yawa ba su son a kai ƴaƴansu lakwal. Shi dai ya shiga. Ya fara a Tera, ya ci gaba a Dori da Wagadugu. Daga can aka tura shi makarantar horon malamai ta William Ponty, a tsibirin Gore na ƙasar Senegal. A 1929 ya dawo gida ya kama koyarwa. Shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito daga wannan makaranta da takardar malanta.

A lakwal ta wancan zamani, yaro yana koyon sunayen sarakunan Faransa, amma ba a faɗa masa labarin Gobir ko Sangai ko Damagaram. Wannan abu ya dami Bubu Hama. Ya ga tsofaffin da suka san tarihi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ga kayan sarauta da na sana'a suna lalacewa, wasu kuma baƙi suna kwashe su zuwa Turai. Sai ya ɗaura niyyar tattara abin da ya rage.

Abu uku ya bi. Na farko magana ce. Yakan zauna da tsofaffi da maroƙa, ya saurare su, ya rubuta abin da suka faɗa. Da taimakonsa aka buɗe cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968.

Na biyu takardu ne. Ya nemi tsofaffin rubuce-rubucen hannu na larabci da ajami a gidajen malamai, ya tara su wuri ɗaya. Yau dubbai ne, suna ajiye a cibiyar bincike ta jami'ar Yamai. Irin wannan ajiya ba a baza ta a fili, domin rana da gara da damshi abokan gabar takarda ne. Masu bincike ne ke zuwa su duba ta a hankali.

Na uku kaya ne. A 1959 aka buɗe gidan tarihin, kusa da kogin Kwara. Wani masani mai suna Pablo Toucet ne ya fara riƙe shi. An gina ɗakunansa da fasali irin na ginin Hausa, da zane a jikin bango. A ciki akwai tufafin Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari da Tubawa. Akwai kayan kiɗa da makamai da kayan ado. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu miliyoyin shekaru da suka wuce, waɗanda aka tono a Gadufawa, cikin jihar Agadas. Akwai kuma icen nan na Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a cikin sahara har mota ta kayar da shi a 1973. An ware wa maƙera da dukawa da masaƙa wuri, suna aiki mutane suna kallo, don sana'ar ta ci gaba da rai.

Bubu Hama ya yi siyasa kuma. Yana cikin manyan jam'iyyar PPN ta Jori Hamani. Ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974, a zamanin da jam'iyya ɗaya ce ke da baki a ƙasa. Duk da nauyin mulki bai aje alƙalami ba. Ya rubuta littattafai fiye da 40 da faransanci, har da na tarihin Gobir da Sakkwato. A 1971 littafinsa mai suna Kotia-Nima ya ci babbar kyautar marubutan Afirka.

A watan Afrilu na 1974, bayan fari da yunwa mai tsanani, soja suka karɓi mulki a ƙarƙashin Seini Kunce. Aka tsare Bubu Hama a Agadas, daga baya aka sake shi. Ya rasu a Yamai a watan Janairu na 1982.

Yau manyan gidajen tarihi na duniya suna ɗaukar hoton kayansu su sa a intanet, yaro yana ƙauyensu ya gan su a waya. Amma abin da aka adana shi ake ɗauka hoto. Wanda gara ta cinye ya tafi ke nan. To, ku duba gidajenku. Wataƙila akwai tsohon takobi, ko ƙwarya mai zane, ko takarda a gafakar kaka. Ku tambayi labarinsu tun masu faɗa suna da rai.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne Bubu Hama ya tattara?
2. Don me ba a baza tsofaffin takardu a fili?
3. Wane tsohon abu ne ke gidanku? Tambayi labarinsa, ka rubuta shi cikin layi biyar.