Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499): Sarkin da Ya Mai da Bakin Jakara Kasuwa

Duk ɗan ƙasar Gumel da ya taɓa zama a birnin Kano, ko da na wata guda ne, ya san Jakara, kuma sau da yawa hanci ne yake fara sanar da mutum ya iso kafin ido ya gani. Da yawa daga cikin 'yan wannan ƙungiya tamu, na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a gefenta suka fara neman abinci, wasu da dako, wasu da tireda, wasu kuwa a zauren malam. Mu da muka taso a ƙasar da babu kogi mai gudana, sai rijiya da tafki da kududdufi, mukan yi mamakin yadda ruwa zai ratsa tsakiyar gari a mai da shi kwata. Wannan mamaki ne ya sa a fitowar bana muka ɗan tsallaka iyakar masarautarmu, domin mu kawo tarihin sarkin da ya ɗora arzikin Kano a bakin wannan ruwa, wato Muhammadu Rumfa. Mai karatu zai ga cewa labarin bai yi nisa da gida ba kamar yadda ake zato.

Muhammadu Rumfa ɗan Sarkin Kano Yakubu ne, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463. Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen nan H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa Rumfa a matsayin sarki na ashirin daga Bagauda. Kanawa sun riƙe cewa kafin ya hau gadon mulki ya riƙe sarautar Makama, kuma gidan da ya zauna a lokacin shi ne Gidan Makama, wanda aka mai da gidan adana kayan tarihi.

Abin da ya fi muhimmanci a ƙuruciyarsa shi ne irin Kanon da ya buɗe ido ya tarar. Tun zamanin Sarki Dauda wani basarake daga Borno, wanda ake kira Dagaci, ya zo ya zauna da ɗimbin jama'arsa. A zamanin Abdullahi Burja aka buɗe hanyar fatauci daga Borno zuwa Gwanja, ƙasar goro, raƙuma kuma suka fara yawaita a ƙasar Hausa. A zamanin mahaifinsa Yakubu gishirin Azbin ya wadata, Barebari suka riƙa zuwa da yawa, Larabawa suka zauna, Fulani malamai suka iso daga Mali da littattafai. Ke nan yaron ya girma ne a garin da baƙi suka cika, dukiya tana shigowa ta kowace ƙofa, amma babu wata cibiya guda da sarki zai tsaya ya ce ga idon garinsa. Kasuwar da ta yi fice a lokacin, ta Karabka, a hannun mutanen Dagaci take. Sarkin da kasuwar garinsa take hannun baƙo kuwa, rabin sarauta yake riƙe da ita.

A nan ne Jakara ta shigo labarin. Tun kafin zuwan Musulunci, wurin kurmi ne mai duhu wanda ya kewaye wani baƙin ruwa, shi ya sa ake kiransa Kurmin Baƙin Ruwa. Mutanen Dala na zamanin Barbushe, masu bautar Tsumburbura, suna girmama wurin ƙwarai, suna kai yankan baƙaƙen dabbobi idan wata masifa ta taso. Sarakunan da suka gabaci Rumfa sun karɓi Musulunci tun zamanin Yaji, amma tsoron kurmin bai fita daga zukatan talakawa ba. Rumfa bai kewaye wurin da katanga ya hana shiga ba, bai kuma bar shi yadda ya same shi ba. Sai ya kafa kasuwa a bakinsa. Wurin da mutum ba ya kusanta sai da fargaba ya zama wurin da ake cinikin gero da goro da ƙore tun safe har faɗuwar rana, sunan kurmin kuma ya koma sunan kasuwar. A ganinmu, cikin dukan ayyukansa babu wanda ya kai wannan hikima, domin da aiki guda ya karya tsohon tsafi, ya karɓe ciniki daga hannun mutanen Dagaci, ya kuma sama wa fatake masauki kusa da ruwan da za su shayar da dabbobinsu.

Daga nan unguwanni suka riƙa tsirowa a kewayen kasuwar, kowace da mutanenta. Sunayensu kaɗai sun isa shaida: Zangon Barebari na mutanen gabas, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna, da Bakin Ruwa wadda sunanta yake faɗin inda take. Ba duka aka kafa a zamaninsa ba, amma duka kasuwarsa ce ta jawo su.

Shi kansa sarkin sai ya janye daga cunkoson. Ya faɗaɗa ganuwar birni, ya gina sabuwar fada a filin da ke kudu da kasuwa, wadda har yau ake kira Gidan Rumfa, kuma ita ce fadar Kano fiye da shekara 500. Lokacin da muke koyar da tarihi a firamare, mukan sa yara su haddace abubuwa goma sha biyu da aka ce shi ya fara, su riƙa rerawa kamar karatun allo: Tara ta Kano, wato majalisar manyan 'yan sarki tara, da kakaki, da figini, da takalmin gashin jimina, da dawakin zage, da hawan idi a Shadakoko, da sauransu. Yanzu da muka tsufa muna ganin mun yi wa yaran rowa, domin mun ba su jeri ba mu ba su dalili ba. Kakaki da figini ado ne na mulki, amma kuɗin da ya sayi adon daga bakin Jakara ya fito.

Wajen shekarar 1492 babban malamin nan na Tilimsan, Shaihu Muhammadu bin Abdulkarim al-Magili, ya sauka a Kano. Rumfa ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya nemi ya rubuta masa jagora kan yadda sarki Musulmi zai tafiyar da mulki, malamin kuwa ya rubuta littafin da aka sani da Tajuddini. A cikinsa ya yi magana a kan tsara ma'aikatan hukuma, da sauraron ƙarar talaka, da nisantar karɓar toshi, da inda ya halatta sarki ya samo dukiya da inda ya wajaba ya kashe ta. Da shawararsa aka sare wata itaciya da ake tsafi da ita, aka gina masallaci a gurbinta. Da zai tafi ya bar ɗansa Sidi Fari, kuma zuriyarsa ce Sharifan Kano, waɗanda unguwarsu ta Sharifai take daf da Kurmi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa sun dogara ƙwarai da rubuce-rubucen wannan malami bayan shekara 300.

Tarihi ba kirari ba ne, saboda haka tilas mu faɗi ɗaya gefen. Littafin da ya yabe shi, shi ne kuma ya ce shi ya fara tara mata har dubu a fada, yana aika a kamo masa 'yan mata daga gidajen bayinsa, shi ya fara kulle, shi ya fara ɗora babanni a kan manyan muƙamai. Ya yi yaƙi da Katsina shekara 11 ba tare da wani ya rinjayi wani ba, wanda hakan asarar rayuka ce kawai. Kasuwar da muke yabo ma, har ƙarshen ƙarni na 19 akwai rumfunan da ake sayar da bayi a cikinta. Ya rasu a 1499 bayan mulkin shekara 37 a lissafin littafin, ɗansa Abdullahi ya gaje shi, matarsa Madaki Auwa kuma ta ci gaba da faɗa a ji a fada har zamanin jikanta Muhammadu Kisoke.

Kasuwar ta rayu bayansa, ta kuma ƙasaita. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, ya tarar da fadamar Jakara ta kusa raba birnin gida biyu, kasuwa tana ci a kan tudun da ke tsakani, ruwa kuma yana malale ta da damina. Ya sayi laimar Ingila a nan, abin da ya ba shi mamaki ƙwarai. Ya kuma ba da labarin wata ƙa'ida da ta kamata 'yan kasuwarmu na yau su ji: ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkudi, idan mai saye ya kai kayan har Borno ya buɗe ya tarar da algus, sai ya mayar da su, a tilasta wa mai kaya ya biya kuɗin. Da irin wannan amana sunan Kurmi ya kai Tarabulus.

Wannan hanya ta Borno kuwa ta ƙofar gidanmu ta bi. Bayan Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma ya taso da hedikwatar masarauta daga Tumbi zuwa Gumel, garin ya zama zangon farko na ƙasar Borno ga mai fitowa daga Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bar Kano a watan Maris na 1851 ya sauka a Gumel, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa. Daga nan ake ɗora kanwar a kan takarkarai da jakuna zuwa Kano, daga Kano kuma ta wuce ƙasar Nufe. Ashe kakanninmu Lautawa suna cikin masu ciyar da kasuwar Rumfa tun kafin a haifi kakan wanda ya fi kowa tsufa a cikinmu. Barth ɗin ya koka da ƙazantar tafkin Jakara da zazzaɓin da yake haddasawa, wato ciwon ya daɗe.

Turawa sun ci Kano a 1903. Daga 1904, a zamanin Sarki Abbas, aka rushe tsofaffin rumfunan Kurmi aka sake gina su da ƙasa a jere, domin sauƙin karɓar haraji. Amma abin da ya rage wa kasuwar ƙarfi ba rusau ba ne, jirgin ƙasa ne. Da dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da kayan kanti ya koma wajen ganuwa, kusa da tasha, Fagge da Sabon Gari suka ɗauki kasuwa. Ayarin raƙuma ya ƙare. Da layin Nguru ya ratsa ta Gagarawa wajen 1930, mu ma kayanmu suka bar bayan jaki suka hau tarago. Kurmi ta koma kasuwar kayan gargajiya, ta dukawa da masaƙa da maƙera da masu turare da littattafan addini.

Ita kuwa Jakara, yawan jama'a ya ci ta. Aka cike gefenta da shara aka yi gini, kududdufan da suke shanye ruwan sama suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage ya zama magudanar dattin birni. Daga cikin gari takan bi ta Fagge ta kwashi ruwan mayanka, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, ta zube a madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir. A kan hanya manoman lambu suna ban ruwa da ita, latas da kabejin kuma su dawo kasuwannin birni. Idan damina ta yi ƙarfi, ruwan yakan nemi tsohon gidansa, ya shiga ɗakunan waɗanda suka gina a kai. Muna faɗin wannan ne da sanin cewa wasu daga cikin masu karanta mujallar nan sun sayi filaye a gida, kuma mun ga inda aka fara zuba ƙasa a bakin kududdufi ana kafa harsashi. Mu da ba mu da kogin da zai kwashe mana ruwa, kududdufin nan shi ne Jakararmu.

A 2013, a zango na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, gwamnatin Kano ta fara aikin da aka fi sani da titin Wuju-Wuju, wato a gina wa Jakara magudanar kankare, a rufe ta, a shimfiɗa titi a kanta ya ratsa unguwannin cikin birni. An rushe gidajen da suka tare hanya, an rufe wani sashe, sannan aikin ya tsaya bayan sauyin gwamnati a 2015, ya kwashe fiye da shekara goma ba a kammala ba. A inda aka rufe, wari ya ragu, motoci da babura suna wucewa, yaran da aka haifa a unguwar kuma suna tafiya makaranta a kan baƙin ruwan da mutanen Barbushe suke tsoro, wanda Rumfa ya kafa kasuwa a bakinsa, ba tare da sun taɓa ganinsa ba.