Van der Waals: ɗan kafinta da ya gano abin da ke riƙe ƙwayoyin iska da juna

An haifi Johannes Diderik van der Waals ranar 23 ga Nuwamba 1837 a birnin Leiden na ƙasar Holan. Mahaifinsa kafinta ne, kuma shi ne babba cikin ƴaƴa goma. Bai yi makarantar da ake koyar da Latin da Girkanci ba, alhali dokar wancan lokaci ta hana wanda bai san harsunan nan ba zama jarrabawar jami'a. Sai ya zama malamin firamare, yana zuwa sauraren darussan lissafi da kimiyya a jami'ar Leiden in ya sami sarari. Bayan an sassauta dokar ne ya sami digirin dakta a 1873, yana da shekara 35.

A lokacin, masana da dama ba su ma yarda akwai ƙwayoyin da ake kira molekul ba. Shi kuwa ya nuna cewa suna da girma, kuma suna jan junansu da wani ɗan ƙarfi mai rauni. Wannan jan ne ke sa iskar gas ta koma ruwa idan ta yi sanyi ko aka matse ta. Da lissafinsa Kamerlingh Onnes ya yi jagora har ya narkar da iskar heliyom ta zama ruwa a 1908.

A 1877 ya zama farfesan kimiyyar fizik na farko a jami'ar Amsterdam. Tarin fuka ya kashe matarsa Anna a 1881, ta bar masa ƴaƴa huɗu. Bai sake aure ba. Ya karɓi kyautar Nobel a 1910, ya rasu ranar 8 ga Maris 1923.

Bai rayu ya ga an auna wannan ƙarfi tsakanin ƙwaya da ƙwaya ba. A wajajen 1980, Willis Flygare da Terry Balle suka ƙera na'urar yin haka a jami'ar Illinois ta Amurka. Ana fesa gas cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, ya yi sanyi ƙwarai har ƙwayoyi biyu su manne. Sai a harba musu igiyoyin maikurowef, irin na na'urar ɗumama abinci. Daga yadda suke juyawa ake gane tazarar da ke tsakaninsu da siffar haɗuwarsu.

Yau da sunansa ake kiran wannan ƙarfi, kuma da shi tsaka ke manne wa bangon ɗaki ba ta faɗo ba.